Kafin Rana Ta Sake Fitowa

Ranar da Barira ta dawo daga awo
da takarda ƙulle a bakin zane,
ina tsakar gida ina ɓarar gyaɗa.
Ta ce, "Inna, wai ciwon hanta gare ni."
Na dubi idonta, fari tas kamar kindirmo.
Na ce, ina shawarar? Ina kumburin?
Macen da ke daka kwano uku kafin hantsi?

Ta ce malamar asibiti ta ce
shi ba ya sallama in zai shiga,
yakan zauna shekaru kamar gara cikin azara,
kuma sau da yawa, Inna,
wurin uwa ake samo shi, ranar haihuwa.

Gyaɗar ta zube. Kaji suka yi biki.

Na tuna Sale, yayanta,
da cikinsa ya tashi kamar randa yana ɗan talatin.
Muka ce sammu ne, muka ce abokan kasuwa,
tumaki biyu suka tafi a rubutu da hayaƙi.
Tun ranar ban ƙara gaida gidan Ɗan'azumi ba,
ko a makoki sai in kau da kai.

Kasuwa ta zagayo, na kai nawa yatsan,
na biya da kuɗin ƙuli.
Layi biyu.
Ni da ban san biyu a rubuce ba, na karanta wannan.
Ashe ni ce ƙofar.
Na ba su nono, na ba su suna,
na haɗa musu da abin da ban san ina riƙe da shi ba.

Akwai wani gwajin, sai an je Dutse,
kuɗinsa ya haura buhun gero.
Muka dubi rumbu, rumbu ya dube mu.
Malama Zuwaira ta ce, "To, ku riƙe abu ɗaya:
allura guda, ranar da ya faɗo,
kada kwana ya zagayo."

Naƙuda ba ta jira wata tara ba.
Ta zo cikin marka, bayan isha,
kwalbatin hanyar Jahun ya riga ya tafi da ruwa.
Ya faɗo da asuba, ɗan mitsitsi,
tafin hannuna biyu sun ishe shi shimfiɗa.
Mata suka tare zaure:
jinjiri, waje, kafin suna?
Na ce, Sale ya yi kwana bakwai ɗinsa a ɗaka.
Ba wadda ta ƙara magana.

Na cusa shi cikin riga, fata da fata,
na ɗaure da ɗankwali.
Ruwa ya kai gwiwa, ya kai cinya,
takalmina ɗaya yana can har yau.

Yaron da na tarar a asibiti ya ce
kwalbar ta mutum goma ce,
ba a fasa ta don ɗaya, in dawo Talata.
Na zauna a dakali.
Na ce, ɗana, ni na taɓa jiran Talata.
Inuwar darbejiya ta bar ƙafata, ta hau bango.

Da la'asar Zuwaira ta iso, laka har ƙwauri,
ba ta ko ajiye jaka ba ta buɗe akwatin sanyi.
Cinyarsa ba ta fi babban yatsana ba.
Ya tsala ihu.
Ban taɓa jin kuka mai daɗin wannan ba.

Saura uku, in ji ta, ta rubuta a kati,
Barira kuma kada a bar ta da daka kawai, a riƙa kawo ta.

A hanyar gida, ƙafa ɗaya ba takalmi,
na tsaya a ƙofar Ɗan'azumi.
Shekara shida.
Na gyara murya, na yi sallama.