Kwarkwaro Biyu a Kantin Sirkka

Ƙanƙara ta saki tafkin Saimaa ran Talata.
Laraba na shiga kantin Sirkka, tsohon kwarkwarona a aljihu.
Shekara talatin da ɗaya yana naɗe mini zaren fatsa,
bara haƙoransa suka zube, kamar nawa.
Ta murza shi sau ɗaya, ta kasa kunne, ta ce, "Urho,
wannan sai dai a rataye shi a bango.
Ya gama da ruwa."

Ta ɗora guda biyu a kan gilashi.
Ɗaya baƙi wuluk, ƙarfe tsantsa, nauyin kwaɗon ƙofar sito,
boris goma a cikinsa, in ji kwalinsa,
kuɗinsa zai sayi itacen ɗumama ɗaki na wata guda.
Ɗayan ruwan toka, sakayau,
bai kai ƙwai biyu a tafin hannu ba,
rabin kuɗi, boris huɗu, ba shi da abin nunawa.

Na ɗauki baƙin. Wayyo, santsi!
Mariƙin na juyawa kamar cokali a cikin zuma.
Na ja zare, birkinsa ya yi ƙara siririya,
irin ta agogon hannun likita.
Nan take na hango kaina tsaye a kwalekwale,
hauki mai bakin agwagwa, tsawon hannuna,
yana fisga ina saki, yana saki ina naɗewa.

Sirkka ba ta dubi fuskata ba, wuyan hannuna ta duba.
Ta san shekara arba'in na yi ina murza sitiyarin bas
tsakanin Savonlinna da Punkaharju.
"Jifa nawa kake yi a yini?"
Na ce ɗari biyu.
"Kafin na hamsin wannan zai fara yi maka magana,
kuma ba da baki ba."
Na ce araha ba ta ado.
Ta ce, "Kifi bai iya karatun farashi ba,
ƙugiya kawai yake haɗiyewa."

Na yi shiru. Gaskiya ce ba na so.
Rabona da babban hauki tun matata Aune na raye.
Ƙananan nan masu zane a gadon baya nake kamawa,
huɗu, biyar, na soya biyu da man shanu,
sauran na mayar su girma.
Me kifin da bai cika faranti ba zai yi da boris goma?
Amma zuciya ba ta lissafi da faranti.
Na ajiye baƙin, na sake ɗauka,
na ajiye, hannuna ya ƙi dawowa.

Sai ga Vilja, jikata, daga wajen akwatin tsutsotsi,
hancinta ja, takalmin roba ƙafa ɗaya ya fi ɗaya laka.
Ta ɗaga baƙin da hannu biyu, ta dire shi da sauri.
Ta ɗauki ruwan tokan, ta murza, ta ɓata rai:
bahaguwa ce, mariƙin ba ya gefen da take so.
Sirkka ta kwance shi, ta ɗaura a ɗaya gefen,
ko minti ɗaya ba a yi ba.
Yarinya ta murza, ta murza,
ta manta da mu, tana ta murzawa.

Na ƙirga kuɗi. Canjin ya isa kofi da burodin kirfa biyu.
"Akwai 'yar ƙara a cikinsa," in ji Sirkka, "ka sani tun yanzu."
Na ce wanda ya sayi rariya
ya san za ta zubar da ruwa.

Daren nan rana ta ƙi faɗuwa har sha ɗaya.
Vilja a goshin jirgi, ni a baya da tsohon a aljihu,
yatsana na shafa tabon da ya samu ranar da muka kife da Aune.
Jifanta na farko ya sauka a kan reshe.
Na biyu ya cukurkuɗe, muka kwashe rabin awa muna warwara.
Na uku ya tafi, ya tafi,
ya faɗa can inda ciyawa ta ƙare.

Ba mu kama komai ba.
Sauro ne suka ci, mu muka ciyar.
Da ta gaji ta miƙo mini sandar,
mariƙin yana gefen da ban saba ba.
Ban sauya shi ba.
Ina da sauran damina, zan koya.
'Yar ƙarar nan tana nan, kamar gyare a cikin bango,
ina jin ta har muka kai gaɓa,
har yanzu da nake kwance ina jin ta, da motsin ruwa.