Darasi a Rumfar Tanimu

Ranar da kuɗin mota ya fi ƙarfin aljihuna
na je na sayo tsohon keke, baƙi,
sirdinsa ɗaure da robar taya,
ƙararrawarsa ta daina magana tun a hannun wani.

Kwana huɗu muna zaman lafiya.
Na biyar, a gangaren Dilimi,
tayar baya ta yi ajiyar zuciya ta kwanta.
Na sauka ina jan sa
kamar akuyar da ta ƙi kasuwa.

Rumfar kwano ce a bakin gada.
Mai gyaran ya ɗago kai:
"Malam! Ba ka gane ni ba?"
Tanimu ne, na bencin ƙarshe,
wanda na ba uku bisa ɗari a lissafi
na ja masa layi biyu da jan biro.

Na miƙa kuɗi, ya ture hannuna.
"Yau kai za ka yi. Tsuguna."

Kifa keken, ya ce, sirdi a ƙasa.
Ga sifana, ga notin baya,
hagu kwancewa, dama ɗaurewa.
Na murɗa dama. Ya yi gyaran murya.
Na murɗa hagu, sifana ta kuɓuce,
ta tafi da fatar yatsana.
"Keke sai ya ɗanɗani jininka yake sanin ka,"
in ji shi, bai ko dube ni ba.

Muka zaro tub kamar hanjin rago.
Ya ba shi iska da famfo,
ya turo mini bahon ruwa
wanda sanyin Jos ya kwana a ciki.
"Nutsa shi kaɗan-kaɗan. Kada ka yi gaggawa. Jira."
Na jira har yatsuna suka ƙandare.
Sai ga kumfa, ƙanana, a jere,
suna rige-rigen fita kamar an buga tashi.
Hujin bai kai ƙwayar gero ba,
shi ne ya sauke babban mutum daga kan sirdi.

Goge da sanfefa. Shafa sholisho.
Na yi wuf zan manna faci,
ya riƙe wuyan hannuna:
"Bari ya sha iska.
Ɗanyen sholisho ba ya riƙe amana."
Nan na tuna sau nawa na jefa masa tambaya a aji
na wuce kafin ya buɗe baki.

Kafin mu mayar, ya sa na bi cikin taya da yatsa.
Can na ji ta, 'yar ƙusa, ta laɓe.
"Ka yi faci ka bar ƙusa,
gobe ma ni za ka gaisar."

Asabar uku ina zuwa.
Na koyi ba sarƙa baƙin mai ɗigo-ɗigo, ba wanka ba.
Na san kukan birki in robarsa ta suɗe.
Sifoki dai har yau sun gagare ni,
in na ɗaure nan, can ya karkace.
Shi da kunne yake daidaita su,
ya kaɗa ɗaya, ya saurara, kamar mai gyara tsirkiyar gurmi.

Jiya Litinin, a hawan Naraguta,
sarƙa ta zame, feda ta juya a banza.
Ba rumfa, ba Tanimu,
sai duwatsu, da motocin Bauchi suna wucewa.
Na tsuguna.
Na ɗora ta a haƙoran baya,
na saƙala ta a na gaba,
na juya feda a hankali.
Ƙas! Ta hau.

Na shiga aji a makare, hannuwana baƙi ƙirin,
allin da na ɗauka ya yi dabbare-dabbare.
A bencin ƙarshe wani yaro ya sunkuyar da kai.
Na kira sunansa, na yi masa tambaya,
na jingina da allo,
na jira.