Ƙafar R

Ubana Kyari mai zanen alluna ne.
Shekara talatin yana rubuta sunayen mutane
daga Birni har Zango,
fentinsa a gwangwanin tumatir,
buroshinsa gashin wutsiyar akuya.
Ba ya awo. Sai ya ja baya taku uku,
ya rufe ido ɗaya kamar maharbin zabo,
ya ce, "To."

Kowa a Damagaram ya san R ɗinsa,
ƙafarta ta dama doguwa
kamar ta mai tsallake kwata.

Ni a bakin kasuwar Dole nake,
shago mai fanka da kwamfuta biyu.
Salon rubutu ɗari huɗu ne cikin injina,
ƙafafunsu daidai kamar sojoji a fareti.
Ka zo da hantsi kana son rago,
kafin azahar ga rago a kan leda,
ya fi duk na Mirya ƙiba.
Jikka biyar. Ba warin fenti, ba ɗigo a riga.

Ran Laraba Cima mai ɗinki ta shigo,
wai allonta ya tsufa, ƴan mata na wuce ta.
Ta miƙo waya in ga hotonsa:
keken ɗinki shuɗi, rana ta ci rabinsa,
almakashi baki buɗe kamar zai yi magana,
a ƙasa ƊINKIN RAHAMA,
ga R can, tana tsallake kwatarta.

Na ce, wa ya zana miki?
Ta ce wani dattijo ne dogo, ya rasu,
ya ƙi kuɗi, wando ya ce ta ɗinka masa.
Na san wandon.
Ruwan ƙasa ne, yana ƙasan akwatin Inna.

Na bi ɗari huɗun nan ɗaya bayan ɗaya
ina neman mai doguwar ƙafa. Babu.
Na kama wata, na ja ƙafarta da linzami,
ta yi tsawo, amma ba ta taka ba.
Sai wuta ta ɗauke yadda ta saba,
fanka ta yi juyi biyu ta tsaya,
ba kowa a baƙin gilashi sai fuskata.

Gwangwanayen suna bayan randa, sun zama dutse.
Buroshi ɗaya ya tsira, na jiƙa shi a kananzir.
Kwana biyu ina ɓata bayan kwali.
Hannun da ke buga kalma sittin a minti
ya kasa jan layi daga nan zuwa can.
Ɗana Mutari na dariya,
shi da ke zane da yatsa a kan waya,
in bai yi masa ba ya danna, ya ɓace.
Na ce, nan abin da ka ja, ka ja.
Ya karɓa, ya zana akuya mai ƙafa biyar,
ya hana a kunna murhu da ita.

Asabar na hau benci a ƙofar Cima.
Ban sauke allon ba.
Na bi sawun shuɗin a hankali
kamar mai bin tsoho a duhu,
masu kabu-kabu na rage gudu suna kallo.
R na bari ƙarshe.
Na ja baya taku uku, na rufe ido ɗaya.
Hannu ya yi rawa, ƙafar ta fito gajera,
fenti ya ɗiga mini a babban yatsa.

Cima ta fito da zare a baki,
ta daɗe tana dubawa.
"Ba irin ta da ba ce."
Na ce, a'a.
"Nawa zan ba ka?"

Na ciro wandon daga leda.
Na ce ta rage mini shi,
ya fi ni tsawo da yatsa huɗu.