Buroshi Mai Karkataccen Kai

Bas ɗin ƙarfe tara daga Hiroshima
yana hawan tudu yana nishi, ni ma haka.
Na manna kuncin hagu da gilashin taga
kada 'yan makaranta su ƙura mini ido.
Wata bakwai ke nan da fuskata ta rabu biyu,
dama tana dariya,
hagu ta ce ba da ita ba.

A Kumano kowane lungu gashi ake tsefewa.
Shagon Morishige na bayan gidan waya,
ƙofar katako, warin gam, tururin shayi.
Tsohon bai tambayi abin da ya same ni ba.
"Juyo wajen haske," ya ce,
ya dube ni irin duban da kafinta ke yi wa katako
kafin ya ɗauko zarto.

Na ce ina son wanda zai ɓoye.
Ya ce, "Buroshi ba labule ba ne.
Inuwa kawai yake ɗauka,
ya sauke ta inda kika aike shi."

Uku ya jera a kan shuɗin ƙyalle.

Na farko kansa kamar curin auduga,
gashin kurege, laushi har fata ba ta san ya zo ba.
"Wannan na hoda ne, ba ya jin magana.
Ki aike shi kunci, ya zarce har wuya."

Na biyu siriri, baki kamar na aska.
"Na karan hanci. Layi yake ja, ba ya yafiya,
kuma yana son hannun da ba ya rawa."
Ya kalli hannuna.
Na mayar da shi aljihu.

Na uku kansa a karkace,
farin gashin akuya, da ɗan taurin kai,
ƙota gajera, baƙa.
Na ce, wa ya sare shi haka?
Karo na farko ya ɓata rai.
"Almakashi ba ya taɓa bakin gashi a shagon nan.
Jera shi ake yi da tsininsa,
wanda ya karye a zare shi.
Matata Tokie ce ta tsefe wannan
kafin idonta ya gaji."

Sai ya gwada mini a nasa kuncin mai tamoji.
"Lalubo ƙashi da yatsa.
Fara daga bakin kunne, ki gangaro ta ƙarƙashinsa,
ki tsaya tun baki yana nesa.
Kakkaɓe kafin ki shafa.
Ƙari ya fi ragi sauƙi."

Na ce, hagun fa? Ai ta zube.
Ya ce, "Nama ne ya sauka.
Ƙashi yana nan inda mahaifiyarki ta bar shi.
Bi ƙashi."

Yen dubu shida, cefanen mako guda.
Na ƙirga masa sau biyu don yatsuna sun ruɗe,
bai taya ni ba, na kuwa gode.

A hanyar dawowa na kwance takardar.
Ba hoda, ba madubi, busasshen gashi kawai.
Na bi dama, daga kunne zuwa ƙasa,
ta karɓa kamar ta saba.
Na bi hagu don kada ta ce na yi son kai.
Shiru.
Shiru.
Sai can kusa da kunne,
wuri bai fi ƙwayar shinkafa ba,
wani abu kamar tafiyar tururuwa.

Likita ya ce jijiya ba ta alkawari,
in za ta dawo, da rarrafe take dawowa.
Na sake bi.
Tururuwar tana nan.

Tashata ta wuce, ta gaba ma ta wuce.
Wata yarinya mai jan jaka
ta saki baki tana kallona.
Na juyo mata da hagun gaba ɗaya,
na ci gaba da shafawa.