Igiyar Shanya

Shekara goma sha tara na yi a unguwar Briar Glen,
bayan garin St. Louis,
inda ciyawa ba ta da izinin wuce yatsa huɗu.
Takardar farko ta zo ne a kan kwandon shara,
ya kwana a bakin titi ran Laraba.
Ta biyu a kan ƙofa: na shafa mata shuɗi,
ƙungiyar masu gidaje ta ce fari aka yarda da shi, ko ruwan ƙasa.
Ta uku ce ta tsaya mini a wuya.
Sati biyu da binne Wendell
na wanke rigunansa, na shanya a bayan gida,
so nake su sha rana sau ɗaya kafin in ninke.
Tara, dala saba'in da biyar,
da sa hannun shugaba, da "muna fatan kina lafiya."

Na biya. Na sa gidan a kasuwa.

Dillaliya Marcy Odom ta tuƙa ni awa uku cikin duwatsun Ozark,
kwalta ta ƙare, tsakuwa ta karɓa.
Tambayata ɗaya ce, na yi ta sau uku:
akwai ƙungiya?
Ta ce, "Baiwar Allah, nan ko mai kwashe shara babu."

Eka biyar. Rufin kwano da tsatsa ta fara lasa.
Rijiyar burtsatse mai warin ruɓaɓɓen ƙwai.
Mai duba gida ya ɗaga murfin masai,
ya toshe hanci, ya rubuta kuɗin gyara.
Na sa hannu a takarda ashirin da shida,
ko ɗaya ba ta san launin ƙofa ba.
Ran da na tare, kafin in kwance kwali ko guda,
na ɗaura igiya daga ginshiƙin baranda
zuwa wani tsohon itace da ban san sunansa ba.

Gari ya waye, na ga maƙwabcina.
Delbert Hoskins. Matattun motoci tara a tsakar gida,
kaji na ƙwai a cikin ta huɗu,
zakaransa bai san asuba da tsakar dare ba,
ran Asabar kuma harbin gwangwani har faɗuwar rana.
Sai ga ni a tagar kicin, kofi a hannu,
ina tsara wasiƙa a zuci:
"An jawo hankalinmu cewa..."
Kunya ta kama ni.
Zama da maɗaukin kanwa, ashe kaina ya daɗe da yin fari.

A Janairu dusar ƙanƙara ta sauka dare biyu,
ta shafe hanya. Wuta ta ɗauke, famfon rijiya ya yi gum.
A Briar Glen da tuni an share titi kafin in farka,
da kuɗin nan da nake biya duk wata ina ƙunƙuni.
Nan babu lambar da zan kira.
Na narka ƙanƙara a tukunya, na shige rigar sanyin Wendell.

Rana ta uku na ji gurnani.
Tarakta ce, wadda na ƙidaya cikin matattu,
Delbert a kanta, gemu duk ya daskare.
Ya share daga akwatin wasiƙa har bakin baranda,
ya jibge mini itacen wuta.
Na miƙa kuɗi, ya ja baya kamar na miƙo kunama.
Ya ce, "An ce da can ke nas ce.
Oleta na da ciwon suga, ni kuma hannuna rawa yake."

Yanzu kowace safiya ina ƙetare shinge,
in bi tsakanin mota ta uku da ta huɗu,
in yi wa Oleta allura,
in dawo da ƙwai biyu masu ɗumi a aljihu.
Zakaran bai shiryu ba. Ruwan na nan da warinsa.
Ƙofa shuɗiya ce.
Rigunan Wendell sun sha rana, na ninke su,
ban da guda ɗaya mai zanen ja,
tana jikin Delbert,
hannun ya yi masa gajere.