Mabuɗin Lilo

Shekara talatin da ɗaya mabuɗin yana aljihuna.
Duk daren Asabar, kafin agogo ya buga sha biyu,
sai in gangara filin wasan yara na Tolsta,
iskar teku tana marin fuskata,
in haɗa lilo uku wuri guda,
in naɗa musu sarƙa, in danna kwaɗo.

Ni ne Tormod, dattijon ikilisiya.
A tsibirinmu ba a fito ran Lahadi,
na baki ko na jirgi.
Ba a shanya, ba a aski,
dankali ma tun jiya ake fere shi.
Na taɓa kai ƙarar wata gwauruwa gaban dattawa
don na hangi zanen gado a igiyarta.
Ɗanta ne ya kwana yana gumin zazzaɓi a kai.
Ban tambaya ba.

Da ciwon Seonag ya ƙi ci ya ƙi cinyewa,
ta kira ni bakin gado,
muryarta siririya kamar zaren da ya kusa tsinkewa.
Ta ce, "Ɗaga ƙafarka."
Na ɗaga.
Ta ce, "Wannan safar, da wadda ta gabace ta,
da duk waɗanda ka huda tun aurenmu,
ran Lahadi na saƙa su,
bayan abincin rana, kana gyangyaɗi a kujera.
Kwana shida na tumaki ne da masaƙa da 'ya'ya.
A wannan sa'ar kaɗai nake hutawa,
kowane ƙulli kuma da sunanka nake kai shi gaban Ubangiji."

Fushi ya taso mini har maƙogwaro,
ya rasa ƙofar fita.
Na sunkuya ina kallon ƙafafuna.
Da su na taka zuwa majami'a shekara arba'in,
a kansu na tsaya ina auna laifin mutane,
cikin ƙanƙara, cikin ruwan da ba ya ɗaukewa,
ko sau ɗaya sanyi bai taɓa cizon yatsuna ba.

Na ce, "Ba ki ji tsoro ba?"
Ta ce, "Na ji. Naka.
Shi kam ya riga ya biya a kan gicciye.
Me naɗe hannuna zai ƙara masa?"

Ran Laraba ta tafi.

Asabar da dare ƙafa ta kai ni filin,
don sabo ya fi ni sanin hanya.
Na tsaya da sarƙa a hannu
har ta yi mini nauyin da ban taɓa lura da shi ba.
Wa ya ɗora mini ita?
Na lalubi muryar Almasihu cikin umarnin,
sai na ji ta kakana, da ta kakan kakana,
da tawa.
Na juya gida da ita.
Yanzu tana riƙe ƙyauren garken tumaki,
aikin ya fi dacewa da ita.

Da safe, a hanyar sujada, na ji ƙarar ƙarfe.
Marsaili ce, jikar makwabcina, da takalman Lahadi,
tana sama tana ƙasa.
Ta gan ni, ta daskare,
ƙafa ɗaya tana neman ƙasa.
Na ce, "Riƙe da kyau."

Dattawa sun kira ni, na je, na saurara.
Wasu ba sa gaishe ni har yau.
Ba na ƙullatarsu, na san nauyin aljihunsu.

Har yanzu ina son shirun Lahadi,
ba na aski, ba na taɓa garma.
Da can mai gadin ranar nake, a tsaye bakin ƙofa,
yanzu an ce in shigo in zauna.

Safar ƙarshe ta huje a diddige.
Ga ulun Seonag, ga allurarta.
Hannuna bai iya ba tukuna,
amma bayan abincin rana
ina koyo.