Rabin Inci da Kwata Uku

A Alentejo watan Agusta bai san wasa ba.
Kwana hamsin sama ba ta ce uffan ba,
zaitun ya juya wa rana bayan ganyensa,
rijiyata ta koma tari, inji yana zuƙar iska.

Ni ce Deolinda, saba'in da ɗaya a duniya,
kabeji kunya shida, tumatir kunya huɗu,
da waken da ya sunkuyar da kai kamar mai cin bashi.

Hayin katangar duwatsu akwai Anacleto.
Shekara tara ko gaisuwa.
A kan ɓaure ne: saiwa a gonarsa, inuwa a tawa.
Ya sare reshe, na sare magana.

Rijiyarsa da ruwa. Ina jin motsinsa da dare.

Ran Talata na tarar da bakin tiyo bisa katanga,
kore, mai kaurin wuyan hannun jariri,
an danne shi da dutse kada ya zame.
Ba takarda, ba sallama.
Na jawo nawa, rawaya, ɗan siriri,
na kara baki da baki:
nasa kwata uku, nawa rabin inci.
Ashe har tiyonmu ba sa ga maciji.

Na naɗa tsumma, ruwa ya wanke min fuska.
Na naɗa robar tayar keke, ta yi haƙurin minti biyu,
ta saki, ya tafi shayar da ƙaya.

Sai motar ƙarfe bakwai zuwa Serpa.
Shagon Firmino na warin mai da sabuwar igiya,
ƙananan aljihunan katako tun daga ƙasa har rufi.
Ya baje min su a kanta kamar mai duba:
ga mahaɗi mai haƙora, ga mai shiga da ƙyas,
ga mai raba ruwa gida biyu,
ga bakin feshi mai yayyafi da mai tsartuwa,
ga baƙin zoben roba, bai kai farce ba.
"Wannan ɗan mitsitsin," in ji shi,
"in babu shi, duk tagullar nan ado ce."

Na ce babba zan haɗa da ƙarami.
Ya laluba ya ɗauko wani guntu,
nan da faɗi, can a tsuke.
"Kwata uku? Mutum ɗaya ne ke saye a ƙauyenku."
Na ce kuɗi na tambaya, ba labari ba.
Yuro uku da rabi, har da maɗauri biyu.

A gida na yanke tsagaggen baki da wuƙar burodi,
na tsoma roba a ruwan zafi har ta sauko daga fushi,
na tura, na murza, ta haɗiye tagulla.
Sai na ga maɗauri a ƙasa yana kallona.
Shi ake fara zurawa. Na zare, na sake.

Amma kusar ta ƙi yatsuna.
Sanyin ƙashi ya tanƙware su tun bara,
cokali ya lanƙwashe, wuƙa ta goce.

Hannu ya ƙetaro katanga da sukudireba,
ƙota ja, an ɗaure ta da waya.
Mai hannun ya biyo baya, ya tsufa, ban sani ba.
Ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara.
Juyi huɗu, ya tsaya.
"Ba a matsewa da yawa," ya ce wa tiyon,
"roba tsagewa take."
Na ce wa tiyon, "Ai gwanin yanka ya sani."

Ya koma ya buɗe famfo.
Tiyo ya yi atishawa, ya tofa, ya miƙe kamar mai tashi daga barci,
sanyi ya bi ta tafin hannuna ya wuce.
Ƙasa ta sha da sauti. Wake bai ɗago ba sai da magariba.

Mahaɗin yana ɗiga har yau.
Ɗigo ɗaya, numfashi uku, ɗigo ɗaya,
daidai gindin ɓauren nan.
Zoben robar yana aljihun rigata,
sukudireba yana nasa.
Ya gani, na gani.
Ba wanda ya gyara.